Ƙuri'a Kafin Ƙuri'a: Jagorar Gwajin Sanadi a Nazarin Siyasa

Kwana biyu bayan kowane zaɓe, dandalin hira yakan cika da masana sanadi. Wannan ya ce taliya da atamfar da aka raba su suka kawo akwatin unguwarsu. Wancan ya ce ina, waƙar da aka yi wa ɗan takara ce ta shiga ran mata. Na uku ya rantse huɗubar Juma'ar ƙarshe ce ta juya gari. Kowa da hujjarsa, kuma duk hujjar ɗaya ce: an yi kaza, sai kaza ya biyo baya. Ɗalibin kimiyyar siyasa mai rubuta kundi, da ma'aikacin ƙungiya mai haɗa wa masu tallafi rahoto, sau tari abin da suke yi ke nan. Abin da ya raba su da masu hirar bakin titi bai wuce jadawali da alƙaluma ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Ɗan siyasa ba ya raba taliya da ka. Inda yake da 'yan gani-kashe-ni masu raba masa yake kai ta, wato inda da ma yake da ƙarfi. Idan ya ci akwatin, taliyar ce ta ci, ko ƙarfin da ya jawo taliyar? Kafin ka iya yanke hukunci, sai ka ga unguwar nan sau biyu a rana ɗaya, sau ɗaya da taliya, sau ɗaya babu. Wannan kuwa ya fi ƙarfin ɗan Adam. Abin da gwaji ke yi shi ne samar da rukuni biyu da suka yi daidai a komai, a taɓa ɗaya a ƙyale ɗaya, rukunin da aka ƙyale ya tsaya a matsayin abin da zai faru da ba a yi komai ba.

To wa zai raba rukunin? Ba kai ba, ba shugaban ƙungiya ba, ba hakimi ba. Ƙuri'a ce za ta raba, da tsohuwar ma'anarta da Bahaushe ya sani tun kafin a kawo akwatin zaɓe. Idan magada suka yanka gona kashi-kashi, ko 'yan adashe suka rasa wanda zai fara kwasa, ƙuri'a ake yi don kada son ran wani ya shigo. Ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Ƙuri'a ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san ɗan jam'iyya ba. Idan wuraren suna da yawa, za ta watsa masu ilimi da marasa shi, masu zafin siyasa da 'yan ba-ruwanmu, kusan daidai a ɓangarorin biyu, har da halayen da kai ba ka ma yi tunanin aunawa ba. Wannan na ƙarshen shi ne ribar da babu wani lissafin kwamfuta da zai ba ka ita.

A gona aka fara tsara dabarar. Ronald Fisher, a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila cikin shekarun 1920, ya nace cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi fegin da za a zuba wa taki. Duk manomi zai gane dalilinsa: ka zuba taki a gefen fadama ka bar tudu, ba za ka san ko taki ne ya yi aiki ko danshi ba. A siyasa kuwa, Harold Gosnell ya aika wa mutanen Shikago takardun tunatarwa a zaɓen 1924, ya ƙyale wasu don kwatantawa. Abin ya yi dogon barci, sai 1998 Alan Gerber da Donald Green na Jami'ar Yale suka farfaɗo da shi a garin New Haven, da masu rajista sama da 25,000. Sun tarar cewa zuwa ƙofar mutum ido da ido yana ƙara kimanin mutum 8 a cikin kowane 100 na waɗanda aka samu, wasiƙa tana taɓukawa kaɗan, kiran waya kuwa bai nuna komai ba.

Ƙunƙunta tambayar

A ce kuna da ƙungiyar matasa, ya dame ku cewa a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kashi 27 cikin 100 kacal na masu rajista suka fito. "Me ya sa mutane ba sa fitowa zaɓe?" tambaya ce mai kyau ga shirin rediyo, amma ba ta gwaduwa. Gwaji yana son abin da hannunka zai iya bayarwa ko ya hana. Ka mayar da ita haka: idan 'yan sa-kai suka bi gida-gida mako guda kafin zaɓe, suka tuna wa mutane rana da wurin rumfarsu, fitowa za ta ƙaru? Nan ga abu ɗaya da za a yi, ga abu ɗaya da za a auna. Kada kwaɗayi ya sa ka haɗa bin gida da rabon hula da wasan kwaikwayo a tukunya ɗaya, sai fa idan tukunyar gaba ɗaya kake son gwadawa, domin in ta yi daɗi ba za ka san wane sinadari ne ya ɗaga ta ba.

Kan me za a jefa ƙuri'ar?

Nan ne mafi yawan masu kwaikwayon binciken Amurka suke faɗawa rami. A can, rajistar zaɓe tana nuna wane ya fito wane bai fito ba, mai bincike kuma yana iya samunta, shi ya sa suke ƙuri'a kan mutum ɗaɗɗaya ko gida ɗaɗɗaya. A nan abin da kake da shi a hannu shi ne takardar sakamakon rumfa, EC8A, wadda ake liƙawa a wurin zaɓe ake kuma ɗora hotonta a shafin IReV na hukumar INEC. Tana nuna yawan masu rajista da yawan waɗanda aka tantance. Saboda haka rumfa ita ce ma'auninka mafi sauƙi.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi: magana tana da ƙafa. David Nickerson ya gwada wannan a biranen Denver da Minneapolis, a gidaje masu mutum biyu. Ya tarar cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na tasirin da aka yi wa wanda ya buɗe ƙofa yana tsallakawa ga abokin zamansa da ba a ma gani ba. Wannan fa a ƙasar da maƙwabci kan shekara bai leƙa maƙwabcinsa ba. Ina ga gidan gandu mai sassa bakwai, da masallacin unguwa sau biyar a yini, da gidan suna, da layin famfo? Abin da ka faɗa wa Hajiya da hantsi, kafin la'asar ya isa gidan da ka sa a rukunin da aka ƙyale. Da zarar haka ta faru, rukunin biyu sun zama ɗaya, sai ka ga babu bambanci, ka ɗauka aikinka ne bai yi ba alhali yi ya yi har ya zuba.

Rumfar ma sai an lura. A cikin birni za ka tarar da rumfa huɗu ko biyar a firamare ɗaya, masu zaɓensu kuma a cakuɗe suke cikin lungu guda. A irin wannan wuri ka ɗauki makarantar gaba ɗaya a matsayin abu ɗaya, ko ka koma ƙauyuka masu tazara. Ka kuma tuna cewa a 2021 INEC ta ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846, don haka alƙaluman 2019 ba za su hau kan rumfunan yau daidai ba. Wasu sababbin ma ba su da kowa: hukumar da kanta ta sanar da rumfa 240 marasa mai rajista ko ɗaya gab da zaɓen 2023.

Rumfa nawa? Fiye da yadda kake zato. Ƙauye biyu, ɗaya an taɓa ɗaya an ƙyale, ba gwaji ba ne ko da ƙuri'a aka yi, domin rasuwar wani attajiri ko lalacewar na'urar tantancewa ta BVAS a ɗayansu ta isa ta rikita komai. A ce fitowa takan bambanta tsakanin rumfa da rumfa da kimanin maki 10 sama ko ƙasa, kai kuma ƙarin maki 3 kake fatan ganowa. Lissafi zai nemi rumfa wajen 175 a kowane ɓangare. Ƙa'idar ba ta da tausayi: in kana son rage kuskure da rabi, sai ka ninka yawan wurare sau huɗu. Kuma yawan rumfuna ake ƙirgawa, ba yawan mutanen cikinsu ba.

Ranar ƙuri'a

Akwai dabarar da ke rage wannan nauyi. Jera rumfunan bisa fitowarsu a zaɓen da ya wuce, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Haɗa ta ɗaya da ta biyu, ta uku da ta huɗu, haka har ƙarshe, kowace da tagwaiyarta. A cikin kowane tagwaye ƙuri'a za ta ɗauki ɗaya. Kwamfuta tana yin wannan cikin ƙiftawar ido, amma ni na fi son a yi shi a bainar jama'a. A shimfiɗa tabarma, a gayyato masu unguwanni da wakilan jam'iyyu. A rubuta sunan rumfa biyu a takardu masu girma ɗaya, a naɗe su iri ɗaya, a jefa cikin hula, a kira yaron da bai iya karatu ba ya zaro ɗaya. Mai rubutu ya rubuta nan take da biro, a karanta da ƙarfi, a wuce tagwaye na gaba.

Amfanin wannan zai fito ranar da wani dagaci ya aiko a kira ka.

"Malam, me muka yi muku aka tsallake garina aka je wa su wancan?"

"Ranka ya daɗe, ba mu muka tsallake ba. Wakilinka yana zaune aka zaro takardar. Ma'aikatanmu ba za su iya kai wa ko'ina ba, shi ya sa muka bar wa ƙuri'a."

Yawanci maganar takan mutu a nan. Inda ba ta mutu ba, ka yi haƙuri ka ba da haƙuri, amma kada ka sauya. Rumfa ɗaya da aka mayar don kunyar babba, ko don ta fi kusa da kwalta, ta buɗe ƙofar da ƙuri'a ta rufe.

Kafin ma'aikaci na farko ya taka ƙafa, rubuta abin da za ka auna da yadda za ka lissafa shi, ka ajiye a wurin da ba za ka iya gogewa ba. Masu wannan fanni suna da rumbunan intanet na yin rajistar shirin bincike. Dalilin shi ne zuciya. Idan ka auna abu ashirin, ɗaya zai iya fitowa da kyau bisa katari kawai, sai ka wayi gari kana gaya wa kanka ai da ma shi ka nufa.

Waɗanda ba a samu a gida ba

Za a je gida a tarar maigida yana kasuwa. Za a je wani a tarar da "ba shiga" a zaure, ma'aikacin kuma namiji ne. Wannan na biyun maganinsa ɗaukar mata ma'aikata tun farko, in ba haka ba rabin masu zaɓe sun fita daga gwajinka ba ka sani ba. Amma ko ya aka yi, wasu ba za a same su ba. Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne a kwatanta waɗanda aka samu kaɗai da rukunin da aka ƙyale. Mai zaman gida da rana daban yake da mai fita tun asuba, a shekaru, a sana'a, har a son zaɓe. Kwatanta rukuni da rukuni yadda ƙuri'a ta raba su, da wanda aka samu da wanda ba a samu ba.

Daga nan sai ɗan lissafi. A ce fitowa ta kai 33 cikin 100 a rumfunan da aka je, 30 a waɗanda aka ƙyale. Tasirin aika ma'aikata maki 3 ne. Idan littafin ma'aikata ya nuna rabin mutane aka samu, raba 3 da rabi, ka sami 6: tasirin ziyarar ke nan a kan wanda aka yi magana da shi, muddin wanda ba a samu ba saƙon bai iske shi ta bayan gida ba. Saboda haka littafin nan ba abin wasa ba ne, kuma sai an sa mai bin sawu, domin ma'aikacin da rana ta dake shi yana iya cike shafi uku a gindin darbejiya.

Baki da aiki

Tambayi mutum ko ya yi zaɓe, zai ce ya yi. Tambaye shi ko ya karɓi kuɗi, zai ce Allah ya kiyaye. Don irin waɗannan tambayoyi masu kunya aka ƙirƙiro gwajin jeri. Ƙuri'a za ta raba masu amsawa biyu. Rukuni na farko a karanta musu abu huɗu da 'yan siyasa kan yi: liƙa fosta a unguwa, zuwa gida, talla a rediyo, barazana. A ce musu, "Kada ka gaya mini waɗanne, gaya mini guda nawa ka gani." Rukuni na biyu a karanta musu huɗun nan, a ƙara na biyar: ba da kyauta ko yin alfarma. Wanda ya ce "uku" bai tona kansa ba. Amma idan matsakaicin amsar rukuni na farko 2.1 ne, na biyu kuma 2.4, ratar 0.3 tana nufin kashi 30 cikin 100 sun ga abu na biyar. An yi haka a Nikaraguwa bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2008: da aka yi tambayar kai tsaye kimanin kashi 2 suka amsa an ba su kyauta, ta hanyar jeri kuwa kimanin kashi 24.

Inda hali ya yi, auna aiki. Paul Collier da Pedro Vicente sun gwada gangamin ƙungiyar ActionAid na yaƙi da bangar siyasa a zaɓen 2007, a wurare 24 cikin jihohin Kaduna, Filato, Legas, Oyo, Delta da Ribas, rabi an je rabi an ƙyale. Ba su tsaya ga tambayoyi ba: sun ba mutane katin da za su aika ta gidan waya in suna son a ɗauki mataki, sun kuma sa 'yan jarida rubuta tashin hankalin da suka gani. Inda aka yi gangamin tsoro ya ragu, fitowa ta ƙaru.

Zaɓe ba gonar gwaji ba ce

Fegin masara ba ya jin ciwo, masu zaɓe kuwa mutane ne. A Mishigan a 2006, an aika wa gidaje wasiƙa ɗauke da jerin maƙwabta da tarihin fitowar kowa, da alkawarin sake aikowa bayan zaɓe. Fitowa ta tashi daga 29.7 zuwa 37.8 cikin 100. Sakamako ne mai ban mamaki, amma ni ba zan ba kowa shawarar ya gwada shi a garin da ake ƙona gida kan siyasa ba. A Montana a 2014, masu bincike daga jami'o'in Stanford da Dartmouth sun aika takardu kusan 100,000 ɗauke da hatimin jihar, suna nuna wane ɗan takarar alƙalanci ya karkata ga wane ɓangare. Ƙarshenta shugabannin jami'o'in biyu suka rubuta wa jama'a takardar neman afuwa.

Leonard Wantchekon, ɗan Jamhuriyar Benin, ya nuna hanya mafi natsuwa a zaɓen shugaban ƙasarsu na 2001. Da yardar jam'iyyun kansu, wasu ƙauyuka suka ji alkawarin "za mu yi wa garinku", wasu suka ji alkawarin gyaran ƙasa baki ɗaya. Ya zaɓi yankunan da kowa ya san wanda zai ci, don kada bincikensa ya sauya sakamakon zaɓe. Alkawarin "garinku" ya fi jan ƙuri'a, sai dai mata sun fi maza sauraron na ƙasa baki ɗaya. Kai ma ka bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka, ka gaishe da masu gari, kada ka faɗa wa mai zaɓe ƙarya, kada ka tura yaran mutane inda kai ba za ka je ba.

Wani lokaci gwamnati ce take jefa maka ƙuri'ar kyauta. Birazil ta fara zaɓen ƙananan hukumomin da za a binciki asusunsu ta hanyar canki-canki a 2003. Claudio Ferraz da Frederico Finan suka kwatanta inda rahoto ya fito kafin zaɓen 2004 da inda ya fito bayansa, suka ga ciyamomin da aka kama da ɓarna sun fi faɗuwa, musamman inda akwai gidan rediyon gari. Duk lokacin da ka ji wata hukuma ta raba abu ta ƙuri'a, nemi jerin.

Karanta abin da ya fito

Ajiye takardun ma'aikata da hotunan EC8A da jerin ƙuri'a, ka bar ƙofa a buɗe ga mai son dubawa. A 2015 mujallar Science ta janye wani shahararren binciken bin gida-gida bayan David Broockman da Joshua Kalla, suna ɗalibai a lokacin, sun yi ƙoƙarin maimaita shi suka gano alƙaluman ba su da tushe. Kuma idan sakamako ya fito babu komai, rubuta shi haka. Ƙungiyar masu bincike ta EGAP ta haɗa gwaje-gwaje iri ɗaya a Benin, Burkina Faso, Yuganda, Birazil da Meziko kan ko ba masu zaɓe bayanin aikin wakilansu yana sauya ƙuri'arsu. Da aka tattara a 2019, a dunƙule bai sauya ba. Ga shi kuwa a Birazil ɗin nan aka ga rahoton bincike ya kayar da ciyamomi. Abin da ya ci a wani gari, ta wata hanya, a wata shekara, sai an sake gwada shi kafin a ɗora wa Bichi ko Maraɗi.

Misalin da na fi so a kusa yake. Alexandra Scacco da Shana Warren sun ɗauki samari Musulmi da Kirista sama da 800 a garin Kaduna. Ƙuri'a ta tura wasu ajin koyon kwamfuta na mako 16 a cakuɗe, wasu ajin 'yan addini ɗaya zalla, wasu kuma ba su shiga aji ba sam. A baki, ra'ayin kowa game da ɗaya ɓangaren bai motsa ba. A wasan rabon kuɗi kuwa, 'yan ajin cakuɗe sun fi 'yan ajin zalla adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Da rukuni biyu kawai aka yi, da an buga labari cewa cuɗanya ta wanke zukata. Rukuni na uku ne ya gyara karatun: 'yan cakuɗe ba su bambanta sosai da waɗanda suka zauna a gida ba, 'yan ajin zalla ne suka ƙara fifita nasu bayan wata huɗu suna zama su-ya-su.